Gidan haya ba gidan gado ba ne

Mai karatu, ko ka lura da wata irin sanarwa da ta zama ruwan dare a 'yan shekarun nan? Yau furodusa zai fito ya ce, "Masoyanmu, mun tashi daga tasha kaza, sai ku biyo mu sabuwar tasharmu." Gobe marubuciya za ta ce ta kwashe littattafanta daga wannan manhaja ta koma waccan, wai can sun fi biya kuma ba a satar fasaha. Jibi wani darakta zai ce shi kam YouTube ta ishe shi, zai buɗe tasa manhajar. Kowa na ta ƙaura, mu kuma 'yan kallo da makaranta muna ta "Allah ya sanya alheri", sai ka ce an kai amarya ɗakinta.

To, ni dai ba na cikin masu guɗa. Tambaya ɗaya gare ni ga duk mai tashi: malam, da ka tashi, ina kayanka? Domin abin da muke yi tun 1990 har zuwa yau bai canza ba. Mu shiga gidan haya, mu baje kaya, mu manta cewa haya muke yi. Ranar da mai gida ya ce a tashi, ko muka hango wani gida mai sabon fenti, sai mu fice da rigar jikinmu kaɗai, mu bar tukwane da akwatuna a baya. Shekara talatin da ɗoriya ke nan muna wannan sakarci, kuma kowane tashi sai mun kira shi ci gaba.

Bari mu faro daga fim. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da 'Turmin Danya' a kaset ɗin bidiyo, ƙofa ta buɗe. Aka yi su 'Gimbiya Fatima', 'In Da So Da Ƙauna', 'Ki Yarda Da Ni', 'Sangaya', 'Wasila', da tarin waɗanda suka biyo baya. Kaset shi ne gidanmu na farko. Ka tuna yadda ake cinikin? Furodusa ya gama aiki, ya buga kwali, ya ɗauki masta ya kai wa 'yan kasuwa a Ƙofar Wambai ko Bata. Su kuma su sayi kwali, su buga kaset da kansu. Wato tun ranar farko uwar fim ta bar hannun mai ita. In fim ya ci kasuwa, furodusa ya tafi shirya na biyu. In bai ci ba, wa ke da lokacin komawa neman masta?

Sai sidi ya shigo, daga baya dibidi, aka yi ƙaura ta biyu. Finafinai nawa aka ɗauko daga kaset aka mayar kan faifai? Waɗanda suka yi tashe ne aka waiwaya, su ɗin ma da yawa daga kaset ɗin da ya sha kallo aka kwafo su, hoto dishi-dishi, magana kamar daga cikin tulu. Sauran aka bar su a kwali a bayan shago. Shi kuwa kaset ba dutse ba ne. Zafi na lalata zaren cikinsa, danshin damina na sa masa fumfuna, ƙurar hunturu na shige masa. In ma ya tsira, da me za ka kunna shi? Kamfanin Funai na ƙasar Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar bidiyo mai cin kaset, ya daina ƙera ta tun 2016.

Ana nan sai ga wayar hannu da memori da 'yan dawunlodin, kasuwar faifai ta faɗi warwas. Aka yi ƙaura ta uku zuwa talbijin da intanet. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, sannan a 2020 'Izzar So' da 'Labarina' suka nuna wa kowa cewa fim mai dogon zango shi ne sabon yayi. Nan da nan kowa ya buɗe tasha a YouTube, daga babban furodusa har mai riƙe fitila.

Yanzu ga jarrabawa, mai karatu. Rubuta sunayen finafinai goma da ka fi so tsakanin 1997 da 2003, ka shiga nemansu. Nawa za ka samu cikakku, daga farko har "alhamdulillahi"? Waɗanda ka samu, duba a tashar wa suke. Sau da yawa za ka tarar tashar wani ce wanda ko lokeshin bai taɓa zuwa ba, ya manna tambarinsa a kusurwa, ya datse sunayen ma'aikata, yana karɓar kuɗin talla a kan gumin wasu. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Kada ka ce ai ƙananan finafinai ne kawai ke ɓacewa. 'Shaihu Umar', wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, shekaru masu yawa ana ɗaukarsa a matsayin ɓatacce. Sai da aka tono shi a ma'ajiyar Hukumar Fim ta Nijeriya, aka kai shi Jamus aka gyara, sannan aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. In fim ɗin littafin Firayim Minista ya kusa salwanta, ina kake zaton fim ɗin wani bawan Allah da ya sayar da babur ɗinsa ya shirya a 1999 yake?

Marubuta kada ku yi dariya, domin taku ta fi. Tun cikin shekarun 1980 da Adabin Kasuwar Kano ya kankama, su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa da ɗaruruwan wasu suka cika kasuwa da littattafai, na ɗaya, na biyu, na uku. Dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta ce duk mai buga littafi ya kai kwafi 3 a ajiye. Mutum nawa suka kai? Yau 'Ruwan Bagaja', wanda aka rubuta domin gasar 1933, ya fi sauƙin samu a kan littafin da aka yi rububinsa a Bata a 1998. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne: shi yana da kamfani a Zariya da ya riƙe shi yana sake bugawa, wancan kuwa da bugu ya ƙare, labari ya ƙare.

Da takarda ta yi tsada, sai aka kwasa aka koma waya. Wasu Facebook, wasu WhatsApp, wasu Wattpad, masu son a biya su kuma suka nufi OkadaBooks, manhajar da Okechukwu Ofili ya kafa a 2013. Marubutan Hausa da dama sun ci abinci a can, ba wanda zai musa. Amma ranar 30 ga Nuwamba, 2023, OkadaBooks ta rufe ƙofa bayan shekara goma, masu ita suka ce matsin tattalin arziki ne ya sha ƙarfinsu. Ba su ci amanar kowa ba, kasuwa ce ta juya masu baya. To amma marubuciyar da ta shekara biyar tana tara makaranta a can fa? Sai ta sake ɗaura ɗamara, ta koma wani wurin ta fara kiran mutane ɗaya bayan ɗaya.

Kai ma mai saye ka sani, a irin waɗannan manhajoji ba littafi ake sayar maka ba, izinin karantawa ne. Littafin takarda in ka saya ya zama naka, ka ara wa maƙwabciya, ka bar wa 'ya'yanka. Na manhaja kuwa yana nan ne muddin manhajar na nan.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda ake rubutun kansa. Marubuta da yawa a kan waya suke tsara labari, shafin yau a tura yau, na gobe sai gobe. Babu cikakken kwafi a ko'ina, sai guntu-guntu a wayoyin mutane. A garin da ƙwacen waya ya zama abin da ya zama, ka ɗora aikin shekara biyu a kan waya ɗaya? Ranar da aka fizge ta a Ɗan Agundi ko ta faɗa bokitin wanki, sai ka ga marubuciya na roƙon makaranta, "Don Allah wanda ke da shafi na 40 zuwa na 75 ya taimaka ya turo mani." Mai littafi na bara a ƙofar masu karatu! Wani lokacin ma a wurin ɓarayin da suka haɗa littafin suna rabawa kyauta za ta samo shi.

Wani zai ce ai wannan matsalar ƙananan kamfanoni ce, manyan na Turai da Amurka ba sa wasa da kayan mutane. Haka ne? To saurara. MySpace a zamaninsa shi ne dandalin da mawaƙan duniya ke baje kolinsu. A watan Maris na 2019 kamfanin ya amsa cewa a garin kwashe kaya daga tsofaffin kwamfutocin ajiyarsa zuwa sababbi, waƙoƙin da mutane suka ɗora tsakanin 2003 da 2015 sun salwanta. An ƙiyasta sun kai miliyan 50. Ka lura, ba gobara aka yi ba, ba yaƙi ba. Ƙaura ce kawai, irin wadda muke yi wa guɗa. Abin da mawaƙan suka samu shi ne ban haƙuri.

Wattpad kuma, da 'yan matanmu ke ɗauka kamar ɗakin uwarsu, kamfanin Naver na Koriya ta Kudu ya saye shi a 2021 a kan sama da dala miliyan 600. An tambayi marubuciyar Gusau ko ta Zinder ra'ayinta kafin a sayar? A 2024 suka cire hanyar aika saƙon sirri tsakanin marubuci da mai karatu. Wanda bai kwashe saƙonninsa ba, sun tafi. Mai gida ya ga dama ya toshe taga, ɗan haya sai dai ya yi gunaguni.

Ita kanta YouTube, uwa ma ba da mama, tana da dokokinta, kuma ba a Kano aka rubuta su ba. A 2018 ta wayi gari ta ce ba za ta fara raba kuɗin talla da kai ba sai kana da mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin shekara. A kuɗin tallar dogon bidiyo, kashi 55 cikin 100 ne naka, sauran nata. Daga 2021 ta fara cire harajin Amurka daga abin da ka samu a wurin 'yan kallon da ke Amurka. In aka kai ƙarar tasharka sau uku a kan haƙƙin mallaka kuma ƙarar ta zauna, ana iya rufe ta da duk abin da ke ciki. Mu da muka saba ɗauko kiɗan Indiya mu saka a bayan fage ba tare da izini ba, wa ya fi mu zama a bakin wannan rami? Sannan a cikin sharuɗɗan da kowa ke danna "na yarda" bai karanta ba, kamfanin ya faɗa ƙarara cewa ba dole ba ne a kansa ya ci gaba da ajiye maka bidiyonka.

Masu mafarkin manyan manhajojin ƙasashen waje su ma su tuna. Amazon ta shigo Nijeriya da ƙarfinta a 2022, 'yan fim na Kudu suka yi ta murna. A watan Janairu na 2024 ta ce ta daina ɗaukar nauyin sababbin finafinai a Afirka. Ko shekara biyu ba a rufa ba.

Kuma ba mai gida kaɗai ke iya rufe ƙofa ba, mai unguwa ma na iya toshe layin. Daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter, wata bakwai cur. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya abin ya shafi wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ranar 4 ga Oktoba na wannan shekarar, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke ɗif na kusan awa shida a duniya baki ɗaya. Duk wanda shagonsa da sitonsa da littafin bashinsa ke cikin WhatsApp, a daren nan ya ɗanɗana abin da nake faɗa.

Na san amsar da za a ba ni, domin na sha jin ta. Ta farko: in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Gaskiya ne. Da ba a koma YouTube ba bayan mutuwar faifai, da masana'antar nan ta daɗe da shiga kabari. Ta dalilinta mutumin Maraɗi da na Kumasi da na Jidda ke kallon fim a daren da aka sake shi, ba sai an jira direban mota ya kai kaset ba. Ban ce kowa ya zauna a kango don kishin tarihi ba. Cewa na yi in za ka tashi, ka tashi da kayanka. Bafulatani ya fi kowa ƙaura a ƙasar nan, amma ka taɓa jin ya tashi ya bar shanunsa a tsohon mashekari?

Ta biyu: wai intanet ba ya mantuwa, duk abin da aka ɗora yana nan har abada. Wannan magana ta yaudari mutane da yawa. Abin kunya ne intanet ba ya mantawa, domin kowa na adana shi a wayarsa yana turawa. Aikin kirki kuwa, ranar da aka daina biyan kuɗin wurin da yake zaune, ranar yake ɓacewa. In kana musu, tambayi mawaƙan MySpace.

Ta uku: to mu gina namu mana. Madalla. An ga yunƙuri irin su Northflix da Kallo.ng a fim, da ArewaBooks a littafi, kuma duk mai kishin harshen nan zai so su yi ƙarfi. Sai dai a tuna abu biyu. Kuɗin ajiya da na tura bidiyo galibi da dala ake biyan su, mai kallo kuwa da naira yake biya. A watan Mayu na 2023 dala ɗaya na wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin 2024 ta yi nisa ta haura 1,500. Wannan nauyi ne da zai iya durƙusar da kowane kamfani komai kyan niyyarsa. Na biyu, ko da mai manhajar ɗan unguwarku ne, kuna sallah a masallaci ɗaya, kai dai ɗan haya ne a wurinsa. In ka kwashe komai daga hannun Bature ka damƙa wa ɗan'uwanka ba tare da ka riƙe naka kwafin ba, tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Ta huɗu ita ce ta fi ba ni haushi: wai babu kuɗin adanawa. Furodusan da zai yi hayar gidan alfarma da jerin motoci domin fitowa ɗaya, ya ɗinka wa jaruma kaya kala goma, shi ne zai ce ba shi da kuɗin faifan ajiya guda biyu? Editan da zai goge fim ɗin bara don ya samu wurin zuba na bana, shi da mai rushe ɗaki don ya samu itacen girki duk ɗaya ne. Ba talauci ke damun mu a nan ba. Mun raina aikinmu ne, muna kallon sa kamar ƙosai, a soya da safe a cinye kafin hantsi.

To me ya kamata mai shirin tashi ya yi? Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka tun kafin a ce a tashi ake shiri.

Da farko, masta. Kowane fim da kowane littafi ya kasance yana da cikakken kwafi uku, kuma kada su kwana a ɗaki ɗaya. Ɗaya a ofis, ɗaya a gida ko a wani gari, ɗaya a ma'ajiyar intanet da kai ke biya. Wanda ya ga gobarar Kasuwar Sabon Gari ta 2016 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kuma a sani, abin da ka sauke daga YouTube ba masta ba ne, domin matse bidiyo take yi ta rage masa nauyi. In ka ɗauko shi ka kai wani dandalin, can ma a sake matse shi, haka za a yi ta yi har fuskar jaruma ta koma kamar zanen gawayi. Faifan ajiya shi ma yana mutuwa, sai ana duba shi ana sabuntawa. Marubuciya kuma, duk ranar da kika kammala littafi, ki haɗa shi wuri guda, ki tura wa kanki ta imel, ki je shagon kwamfuta a buga maki ko kwafi ɗaya ne a takarda ki jefa a akwati. Takarda ba ta neman caji.

Na biyu, makulli. Alhaji furodusa, da imel ɗin wa aka buɗe tashar kamfaninka? Lambar wayar wa ke karɓar saƙon sirri in za a shiga? Akawun ɗin wa kuɗi ke faɗawa? In amsar ita ce "yaron nan da ke ɗora mana", to ka sani a idon YouTube tashar ta yaron ce, kai baƙo ne. Ranar da kuka ɓata, ko ya yar da layin, ko aka rufe layin aka sayar wa wani, sai ka zo kana rantse-rantse a gaban mutanen da ba su san ka ba.

Na uku, takarda. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ce sayar da haƙƙi ko ba wa wani shi kaɗai izinin amfani da aiki ba ya tabbata sai a rubuce. Saboda haka kafin ka miƙa fim ko littafi ga kowace tasha ko manhaja, a rubuta: shekara nawa? Su kaɗai ne, ko kana iya kaiwa wani wuri? Yaushe ake biya, kuma ta yaya za ka ga lissafi? In sun rufe ko sun sayar da kamfanin, ina makomar aikinka? In kana son fita, kwana nawa za ka ba su? "Ai mun yarda da juna" ba yarjejeniya ba ce. Addininmu ma cewa ya yi a rubuta bashi.

Na huɗu, jama'arka. Mabiya dubu ɗari biyar da kake taƙama da su a tasha, ko sunan mutum ɗaya ba ka da shi a hannunka. Na mai dandali ne, aron su ya ba ka, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Ba a ɗaukar su a kai wata manhajar kamar buhun gero. Don haka ka nemi hanyar da za ka iya kiran masoyanka kai tsaye, da yardarsu, ko lambar waya ce ko imel. In ka tashi kuma, kada ka rushe tsohon gida a ranar. Ka bar sanarwa a ƙofa, ka riƙa leƙawa na wasu watanni har mutane su gane sabon wuri. Masu goge tsohuwar tasha cikin fushi don sun yi faɗa da abokin harka, kansu suke yi wa.

Na biyar, ajiyar al'umma, kuma a nan ne shugabanni za su amsa tambaya. Akwai ma'ajiyar finafinai ta ƙasa a Jos. Akwai Laburaren Ƙasa, akwai Gidan Arewa a Kaduna, akwai Gidan Ɗan Hausa da Jami'ar Bayero a Kano. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano tun 2001 finafinai ke bi ta gabanta. Me zai hana a zauna a fitar da cikakken jerin duk abin da ya taɓa bi ta wurin, da sunan furodusa da darakta da shekara, a buga kowa ya gani? Me zai hana MOPPAN ta sa wa 'ya'yanta sharaɗin ajiye kwafi ɗaya a wuri amintacce kafin a saki fim? Me zai hana ƙungiyoyin marubuta su bi tsofaffin shagunan hayar littafi su tattaro abin da ya rage kafin masu ƙosai su naɗe shi? Kuɗin da ake kashewa a daren bikin karramawa guda ɗaya zai juya kaset masu yawan gaske zuwa kwamfuta.

In duk wannan bai motsa ka ba, to tuna da marayu. A dokar ƙasar nan haƙƙin fim na kai wa shekara 50 daga fitowarsa, na littafi kuwa shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Wato fim da littafi dukiya ce da ake gado, kamar gona, kamar shago. Ahmad S. Nuhu ya rasu a 2007, Rabilu Musa Ibro a 2014, Allah ya jiƙansu, kuma har gobe ana kallon su ana dariya ana kuka. Furodusoshi da daraktoci da marubuta nawa ne suka riga mu gidan gaskiya? In mutum ya tafi bai bar masta ba, bai bar takarda ba, bai bar wa kowa makullin tasha ba, me za a raba wa 'ya'yansa? Wani can da ya tsinci tsohon kaset shi zai ci, su kuwa ko sisi.

Kai kuma mai karatu, kada ka zame ka ce wannan rigimar 'yan fim ce da marubuta. Kai ne ke neman littafin kuɗi a kyauta, kai ne ke kallon fim a tashar ɓarawo alhali ga ta mai shi. In kana da tsohon kaset ko faifai ko littafi a ƙarƙashin gado, kada ka zubar, mai yiwuwa shi kaɗai ya rage a duniya. Nemi mai shi ko iyalinsa, ko ka kai inda za a adana. Sannan duk ranar da gwaninka ko gwanarka suka sake fitowa da sanarwar "mun koma sabon wuri", ka yi masu fatan alheri, ba laifi. Amma ka ɗora da tambaya: ina masta, ina takarda, makulli kuma a hannun wa yake? In suka yi shiru, to ka san wata ƙaurar ce irin ta da, kuma nan da 'yan shekaru za mu sake zama muna lissafin abin da ya ɓata.

Allah ya sa mu gane, ya kuma ba mu ikon gyarawa.